Jijiyar katako a bodin Lexan: yadda hunturun Katsina ya ci mini bodi guda

Duk wanda zai fitar da kamannin katako a bodin motar rimot irin na Lexan, wato roba mai garai-garai da ake hango ciki ta waje, ya fara duba yanayin gari kafin ya buɗe kwalbar fenti. A nan Katsina na yi nawa, cikin Janairu, a kan bodi mai sikeli 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, da na ɗora wa motar rimot ƙirar Axial SCX10, ina so bayansa ya fito irin na tsofaffin Marsandi 911 masu bodin katako da ke lodin hatsi ranar kasuwa. Ya fito, har mutane na kai hannu su shafa. Amma wannan bodi na biyu ne. Na farkon ya tafi a banza, kuma ba a Babbar Kasuwa ake samun irinsa ba, oda ake yi a zauna jira.

Shi Lexan ta ciki ake fente shi, don haka komai a juye yake. Abin da ka fara shafawa shi ido zai fara gani. Layukan da ke raba fallayen katako su ne farko, sai jijiya mai duhu, sai mai ɗan ja, launin katakon kansa kuma shi ne na ƙarshe. Ma'anar wannan, in jijiyar ta ɓaci ba ka da abin rufe ta, duk fentin da ka ƙara bayanta yake zama.

To ga inda hunturu ya shigo. Fentin jijiya na ruwa ne, irin Faskolor da aka yi don Lexan. Masu bidiyon ƙasashen waje za ka ga sun shimfiɗa shi sun tsaya suna surutu, sannan su ja busasshen buroshi a hankali layuka su fito. Iskarsu da laima. A ɗakin aikina, kafin in ajiye buroshin shafawa in ɗauki na ja, fentin ya riga ya kama. Buroshi ya bi ta kai yana tattaro shi guda-guda, maimakon siraran layuka sai dabbare-dabbare. Ƙurar da ke shigowa ta taga kuma ta zauna a kai, kuma da yake wannan ne shafi na gaba, kowane ƙwayar ƙura ana ganinta ta waje. Da ya bushe sarai aka zo gogewa da tina, wato sinadarin tsinka fenti, nan take robar ta yi hazo, gefen da aka huda don fil ɗin riƙe bodi ya tsattsage. Tina da asiton ba sa shiri da Lexan ko kaɗan. Fentin ruwa tun yana ɗanye ruwa da sabulu ke fitar da shi, in ya ɗan kama a gwada sifirit irin na kemis a wani lungu tukuna.

A bodi na biyu abubuwa uku suka sauya. Na sa maganin jinkirta bushewa da masu sayar da kayan zane ke da shi: ɗigo 10 na fenti, ɗigo 1 na maganin, ɗigo 2 ko 3 na ruwa. Kada a wuce ɗaya cikin goma, in ya yi yawa fentin sai ya ƙi kamawa, ya yi ta danƙo. Na koma aiki bayan sallar asuba, taga a rufe, na yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa ƙura ta kwanta. Sannan falle ɗaya nake yi a lokaci guda, ba dukan gefen mota ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, domin falle mai faɗin milimita 20 ana shafe shi a ja shi kafin iska ta cim masa.

Milimita 20 ɗin ba kintace ba ne: katako mai faɗin santimita 20 ke nan in aka raba goma. Na zana tsarin fallayen da maka a kan ledar da ke rufe wajen bodin, ina hango layukan ta ciki. Bayan wanke cikin da sabulun wanke-wanke, na bi wuraren katako kaɗai da samfefa mai lamba 600, ja ɗaya a miƙe, ta tsawon falle. Wannan karce yana riƙe fenti, kuma shi kansa yana fitowa a matsayin ƙananan jijiyoyi. A rufe gilasai da kyau kafin nan, samfefa in ta taɓa su babu gyara.

Raba fallaye ba shi da wuya. A manna tef a bar tsaga kamar rabin milimita tsakani, a fesa baƙin Tamiya PS-5 (PS fentin gwangwani ne da kamfanin Tamiya ya yi don Lexan) sama-sama, a ɓare. Daga nan a rufe falle ɗaya a bar ɗaya, a gama waɗannan su bushe, a juya kan sauran. Dalili shi ne jijiya ba ta tsallaka daga wannan katako zuwa wancan. In layi ɗaya ya ratsa fallaye uku, ko yaro ya san zane ne.

Buroshin ja ya zama mai tauri, tsoho ya fi, ni har almakashi na sa na ɗan cinye bakinsa don gashin ya yi tsayi da gajere. A ja sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, a goge buroshin a tsumma, a sake in da buƙata, amma kar ya wuce biyu. Na uku shi ke tattaro fenti ko da an sa maganin. Idon katako kuwa, a ɗiga fenti da tsinken sakace, a murza kaɗan, a karkatar da buroshi ya kewaye shi. Biyu ko uku sun isa gefe guda. Wasu na cika su ko'ina, ni ban taɓa ganin kafintan bodi ya zaɓi katako mai ido da yawa ba, wurin karyewa ne. Shafi na biyu ja-ja ne mai ruwa-ruwa don ya ba da launin maɗaci, kuma da gangan na sa wasu fallayen suka fi wasu duhu.

Kafin fesa launin baya, a kara takarda mai ruwan ɗorawa ta ciki a duba ta waje a hasken rana. A nan ne kaɗai za a ga yadda zai fito alhali da sauran damar wankewa.

Hunturu na da yaudara ta biyu. Saman fentin zai bushe da wuri ka ɗauka ya gama, alhali maganin jinkirtawa na nan a ƙasa. PS yana da ƙarfi, in ya sauka jiƙe a kan fentin ruwa da bai gama bushewa ba sai ya yamutsa shi. A bar shi awa 24. Fesawar farko ta PS-19, mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne launin baya, ta zama raɓa kawai, daga nisan santimita 30, a jira minti 15, sannan a ƙara biyu. Da sanyin safiya gwangwani na rage ƙarfi ya riƙa tofi, a tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Na rufe da baƙi don katakon ya yi kama da wanda ya sha hanya. Mai son sabon katako ya sa farin PS-1.

Da aka ɓare ledar waje, ƙyallin robar ya sa aikin ya zama kamar fomekar tebur. Maganinsa PS-55, wanda ke kashe ƙyalli, kuma shi ta waje ake fesa shi. Dabarar ita ce kar a ɓare ledar duka: a yanka da reza a cire ta kan katako kaɗai, hannu sakwa-sakwa don kada a tsaga robar, a fesa siriri sau biyu, sannan a cire saura. Kan mota da gilasai su ci gaba da ƙyallinsu.

Wanda bai taɓa yi ba ya yanka gorar ruwa ta roba ya gwada haɗin fentinsa a cikinta, a ɗakin da zai yi aikin, a lokacin da zai yi shi. In buroshi ya ja guda-guda a gorar, a ƙara ɗigon ruwa ko a jira asubar gobe, kar a taɓa bodin.