Kasafin Kuɗin Sakkwato a Lokacin Ƙunci

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira, amma faɗuwar darajar nairar da tsadar kaya sun lashe kaso mai yawa na ƙarin. Jihar Sakkwato, wadda harajin da take tarawa a cikin gida bai taka kara ya karya ba, ta dogara ne ƙwarai ga rabon da ake yi a Abuja kowane wata, ga kuma mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga zuwa naira 70,000 a shekarar 2024.

A ganina, gyaran kasafi ba zai yi ma'ana ba muddin ana rubuta manyan ayyuka a takarda alhali ƙananan kuɗin gudanarwa ba su isa inda ake buƙatarsu. Sau da yawa za ka shiga asibitin ƙauye ka tarar da sabon fenti, amma malamar asibiti ta miƙa wa mai jinya takarda ya je kemis ya sayo safar hannu da allura da kuɗin aljihunsa. Abin da ya kamata a fara zaftarewa shi ne ayarin motoci da tafiye-tafiye, sannan a tantance ma'aikata don kawar da sunayen bogi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya shafi ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, kuma wajibi ne kowaccensu ta riƙa bayyana wa jama'a abin da ta karɓa da yadda ta kashe shi.