Shekara Uku Ina Zaune da Amosanin Gaɓɓai

Mabuɗin ƙofa ne ya fara tayar mini da hankali. Wata safiya na riƙe shi na kasa murɗawa, yatsuna sun kumbura sun sanƙare kamar ba nawa ba, sai da rana ta ɗaga suka saki. Na ɗauka sanyi ne ya kama ni, don haka na shafe wajen wata takwas ina shan ibuprofen, zafin ya lafa da rana ya dawo da asuba, alhali kuwa cutar tana ta cin gaɓɓaina a ɓoye.

Da na je asibiti, likita ta matsa gaɓɓan yatsuna ɗaya bayan ɗaya a hannun dama da na hagu, ta tambaye ni tsawon lokacin da sanƙarewar safe take ɗauka. Da ta ji ya wuce awa ɗaya sai ta tura ni gwajin jini, har da na anti-CCP, wanda yake neman wani sinadarin garkuwar jiki da ake yawan samu a jinin masu irin wannan ciwo, aka tabbatar da amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid. Ta bayyana mini cewa ya bambanta da ciwon gwiwa na tsufa, domin a nan garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, kuma yakan kama ɓangarorin jiki biyu a tare. Daga baya na karanta ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum miliyan 18 ne suke fama da shi a shekarar 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

An ɗora ni a kan wani magani mai suna methotrexate, sau ɗaya tak a mako, tare da folic acid, wani nau'in bitamin, a wata ranar daban, da gwajin jini lokaci-lokaci don duba hanta. An gargaɗe ni cewa shan methotrexate kullum haɗari ne babba, kuma mai niyyar ɗaukar ciki ba ta shan sa. Duk wannan na riƙe. Abin da bai shige ni ba shi ne aikin da maganin yake yi, kuma a nan na tafka kuskure. Ya ɗauki kusan wata uku kafin in ji sauƙi, da sauƙin ya samu kuma sai na ajiye shi, saboda tashin zuciyar da yake sa ni washegarin shansa, ina ganin ai na warke. Ba a yi wata biyu ba na kasa ɓalle maɓallin rigata.

Sai a lokacin na gane cewa maganin rage zafi daban, maganin da yake danne cutar daban, kuma gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take. Da na faɗa wa likita maganar tashin zuciyar, wadda na yi ta ɓoyewa don kada a ce na cika ƙorafi, sai aka mayar mini da maganin zuwa allura, matsalar ta ragu ƙwarai.

Gajiya ce ɓangaren da na fi shan wahalar bayyanawa, domin mutum yakan dube ni ya ce ai ga ni garau. Yanzu ina rubuta tsawon sanƙarewar safe da gaɓɓan da suka kumbura a ɗan littafi, in tafi da shi duk ranar ganin likita, maimakon in ce da sauƙi kawai. Ina tsoma hannuwana a ruwan ɗumi da safe, ina motsa yatsu ko da ba na so, aiki mai nauyi kuma na mayar da shi bayan hantsi. Mabuɗin nan ma na sa masa mariƙi mai kauri, yawancin ranaku da hannu ɗaya nake murɗa shi.