Ziyarata Kujerar Jamshid da Dutsen Rustam

Mun bar birnin Shiraz na ƙasar Iran bayan sallar asuba, domin direban da na yi jinga da shi ya ce idan rana ta take, duwatsun Marwadasht ba sa tausayin baƙo. Tafiyar kusan kilomita 60 ce zuwa arewa maso gabas. Abin da ya kai ni shi ne wasu tsofaffin zane-zane da na taɓa gani, waɗanda matafiyan Turai suka sassaƙa a farantin jan ƙarfe suka buga a takarda, suna nuna sarakunan Farisa a bisa dawaki. Na daɗe ina son in ga duwatsun da aka kwaikwayo da idona.

Da muka isa, direban ya nuna mini ginshiƙan da ke tsaye a kan wani makeken dandamali, ya ce ga Takti Jamshid, wato Kujerar Jamshid. Turawa suna kiran wurin Fasifolis, kuma Sarki Dariyus na Ɗaya ne ya fara gina shi wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har Iskandar na Masedoniya ya ƙone shi a shekara ta 330 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Jamshid kuwa sarkin almara ne, wanda aka ce aljanu sun ɗaga kujerarsa zuwa sama, aka mai da ranar ta zama bikin Nauruz, wato bikin sabuwar shekarar Farisawa. A jikin matakalar fadar Afadana na fi daɗewa, inda aka sassaƙa tawagogi 23 suna kawo gaisuwa, wasu da raƙuma, wasu da raguna, wasu da tuluna da yadi, kuma a gaban kowace tawaga akwai bafaden da ya riƙe hannun jagoranta. Duk wanda ya taɓa ganin hakimai suna zuwa gaisuwar Salla a fada zai gane wannan tsari ba sai an yi masa bayani ba.

Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Nakshi Rustam, kuma nan ne zuciyata ta fi kwanciya. A can sama, a jikin dutse, an fafe kaburbura huɗu na sarakuna, amma na Dariyus ne kaɗai aka tabbatar da mai shi, saboda rubutun da ke jikinsa. A ƙasansu akwai sassaƙen sarakunan Sasaniyawa da suka zo bayan ɗaruruwan shekaru. Na ga Ardashir, wanda ya kafa daular, yana karɓar zoben mulki, abokin gabarsa kuma yana kwance ƙarƙashin kofaton dokinsa. Na ga ɗansa Shafur a kan doki tare da sarakunan Rumawa biyu, ɗaya a durƙushe, ɗaya a tsaye an riƙe shi. Sassaƙen yana tuna yadda ya kama Sarki Baleriyan a shekara ta 260 miladiyya. Daga wannan daula ne Kisra ya fito, wanda muka sani a littattafan sira cewa Manzon Allah (SAW) ya aika masa wasiƙa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan wurin. Mutanen yankin sun manta da Ardashir da Shafur, sai suka dubi waɗannan ƙartin mahaya suka ce ai ba kowa ba ne illa Rustam, gwarzon da Firdausi ya waƙe a Shahnama, littafin da ya kammala a shekara ta 1010. Sunan Dariyus yana nan a rubuce a saman kawunansu da haruffa masu kama da ƙusa, amma an yi ƙarnuka babu mai iya karanta su. Sai bayan wani matafiyi Bature mai suna Kasten Nibur ya kwafi rubutun Fasifolis a shekara ta 1765, sannan wani malami Bajamushe mai suna Girotifen ya yi amfani da kwafin ya tsinto sunan Dariyus a shekara ta 1802. Ban ga laifin mutanen ba ko kaɗan, domin da sunan Rustam ne iyaye suka riƙa nuna wa 'ya'yansu dutsen a duk tsawon lokacin da ilimin ya ɓace.

Kafin mu juyo, na tambayi direban ko ya san cewa mahayin nan Shafur ne. Ya ce ya sani tun yana makaranta, amma kakarsa har ta rasu Rustam take ce masa, kuma ta san sunan dokinsa, Rakash.