Fenti ya ce Rali, ƙarfe ya ce Faransa

A Sakkwato duk keken da ya tsufa bai lalace ba, Rali ne a bakin mutane. Mai gwanjon da ya sayar mani da wannan keken tsere kusa da Tsohuwar Kasuwa ma cewa ya yi: "Alhaji, wanga Rali na, ɗan Ingila." Sitikar sunan tana jikin firam, amma fentin sabo ne, kuma a goshin keken babu tambarin zalɓen nan na kamfanin Raleigh na Nottingham.

Ni dai ƙarfe nake tambaya, don fenti kowa na iya shafawa. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke, muka kwance gindin firam, inda sandar feda ke juyawa a kan boris. A keken Ingila murfin ɓangaren sarƙa murɗin baibai gare shi, hannun dama ake juya shi ya kwance. Namu kuwa ya kwance ta hagu kamar kowane noti. Faransa da Italiya ne ke yin haka, abin da ya raba su faɗin gindin ne: na Italiya milimita 70, na Faransa 68. Muka auna, 68 cif.

Sauran kayan duk suka ba da shaida iri ɗaya: na kamfanonin Faransa ne. Birki Mafac ne, mai jan waya ta tsakiya. Hannun feda Stronglight. Abin sauya giya Simplex na garin Dijon, mai jikin baƙar roba, kuma ya tsage. Ban yi mamaki ba, robar da ta sha ranar watan Afrilu a garin nan ai ta yi ƙoƙari. Giyar baya biyar ce, tazarar ƙafafun firam milimita 120, irin ƙirar da aka fi yi kafin 1980.

Da na kankare fentin a hankali da reza, sai ga fari a ƙasa da layin gida-gida baƙi da fari, alamar ƙungiyar tseren kamfanin Peugeot na Faransa. Keken wannan kamfani Bernard Thévenet ya hau ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France a 1975 da 1977. Zatona keken nawa ta Ƙonni ya shigo Illela, don kayan Faransa sun saba da wannan hanya.

Abin da ya fi damuna gyara ne. Wuyan hannun keken Faransa milimita 22 ne, na sauran 22.2, kuma na ga yadda ake cusa mai 22.2 da guduma har a ɓata keke. Dattijon ya ce: "Ɗana, bari mu wanke nashi mu mayar." Mun jiƙa boris a kananzir, mun sa giris. Saura abin sauya giya, na ba wani direban Ƙonni saƙo ya duba mani wurin masu tsofaffin kekuna.