Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Saurari Ƙwaƙwalwata

Makon jiya na tsaya a inda maiɗakina ta yi kwana biyu ba ta ce mini uffan ba. Masu bin labarin nan sun san dalili. Ta ce in sha maganin rana, na ce "to", na ci gaba da kallon bango. Ta maimaita, na sake cewa "to". A karo na uku ta ajiye kofin ruwan ta fita. A ganinta mijin da ya shekara talatin yana sauraronta ya fara raina ta. Ni kuwa Allah ne shaida na ji muryarta, amma maganar ta zube kamar ruwa a rariya.

Shekarata ta shida ke nan da cutar Parkinson. Na riga na saba da karkarwar hannun dama da taurin jiki. Abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kansa shi ne suɓucewar hankali. In ina tafiya aka yi mini tambaya, sai ƙafafuna su kafe, musamman a bakin ƙofa. In mutum biyu suka yi magana tare, ba na kama ta ko ɗaya. Yau in karanta jarida shafi uku, gobe layi ɗaya ya gagare ni.

'Yata ta fari ce ta faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa, don ni kunya ta hana ni. Ya fara ba ni gwajin takarda, na haɗa lambobi da haruffa bi da bi, sannan ya tura mu ɗakin gwajin da ake kira EEG.

Aka sa mini hula mai ƙananan faya-fayan ƙarfe, aka ɗiga wani mai mai sanyi ƙarƙashin kowanne, wayoyi suka zubo ta bayan wuyana. Nan ne maiɗakina ta buɗe baki karon farko: "Likita, wuta za ku sa masa?" Ya ce, "A'a Hajiya, wutar tasa ce. Mu saurare kawai za mu yi." Ya bayyana mana cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da 'yar mitsitsiyar lantarki suke aika wa juna saƙo, kuma tun 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan Adam.

Aikina a ido mai sauƙi ne. An toshe mini kunnuwa da abin sauraro, wata ƙara mai kauri tana ta maimaituwa, jefi-jefi kuma siririya ta ratso. Siraran aka ce in ƙirga a zuci. Na fara da ƙwazo. Wajen ta tara na tsinci kaina ina kallon wani tabo a jikin labule, ban san nawa suka wuce ni ba. Gumi ya karyo mini. Ni da na yi rayuwata ina koyar da lissafi.

Abin da suke nema shi ne wani tudu da ke tasowa a zanen lantarkin duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta gane baƙon abu a cikin abin da ta saba. Sunansa P300, saboda yana fitowa kusan kashi 300 cikin 1000 na daƙiƙa bayan ƙarar. Samuel Sutton da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1965. Ƙanƙanta gare shi har ba a ganinsa a ƙara ɗaya, sai kwamfuta ta tara amsoshi da yawa ta tace. Likitan ya juyo mana da allon ya ɗora biro a kan nawa tudun. Yana nan, bai ɓace ba, amma ya makara, kuma bai kai tsayin da ake sa rai ba.

Bai ɓoye mana iyakar gwajin ba. Ya ce tsufa kaɗai ma yana jinkirta wannan tudu, kuma ba a yanke hukunci da shi sai an haɗa da gwajin takarda da abin da iyali suke gani. Sannan ya ce sinadarin dofamin da cutar ke ragewa ba motsi kaɗai yake wa hidima ba, har da hanyoyin gaban ƙwaƙwalwa masu juya hankali daga wannan abu zuwa wancan. Wani sinadarin kuma, asetilkolin, wanda ke riƙe hankali a farke, shi ma yana raguwa, kuma lebodofa, ƙwayar maganin Parkinson da nake sha, ba ta mayar da shi. James Parkinson kansa, da ya siffanta cutar a Landan a 1817, cewa ya yi ba ta taɓa hankali. Na ji sanyi da na san haka. In har shi bai gani ba, ina laifin matata?

Ta daɗe tana kallon allon. Can ta ce, "Ke nan yana ji na?" Likitan ya ce, "Yana jin ki, Hajiya. Saƙon ne ke isa a makare. Ki kira sunansa, ki bari ya dube ki, ki faɗi abu ɗaya, ki jira." Ta sunkuyar da kai, na ga kafaɗunta suna rawa.

Da muka zo fita, 'yata ta tambaye ni ko na gaji, sai ƙafafuna suka kafe a bakin ƙofar. Uwar ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ta zagayo gabana, ta jira har idona ya haɗu da nata, ta ce, "Malam, tako." Na tako.

Kafin mu bar wurin likitan ya ce mu dawo da duk magungunana a jaka ɗaya, har da waɗanda ba shi ya rubuta ba. Akwai wata 'yar ƙwaya da nake sha don karkarwa wadda yake zargin tana da hannu a wannan hazo. Labarinta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.