Wayar lasifikar Yaya

Asabar, Maamobi, Accra.

Ban gama shan koko ba Yaya ya kira, wai in zo in raka shi kasuwa. Ya sayi amfilifaya da lasifika biyu na falo, amma sautin bai gamsar da shi ba, kuma wani mai shago a Opera Square ya ce masa laifin wayar da ke haɗa su ne. Akwai wata ta waje mai kan zinariya, kuɗinta ya kusa na lasifika guda. Na ce, "Yaya, don Allah riƙe sidinka tukuna." Muka hau trotro zuwa Zongo Lane, inda masu gyaran rediyo ke sayen kayan aiki.

A hanya na yi masa lissafin. Aikin waya ɗaya ne, ta kai wuta daga amfilifaya zuwa lasifika ba tare da ta cinye wani kaso mai yawa ba. Abin da ke cinyewar shi ne turjiyar wayar, ita kuwa kauri da tsawo da irin ƙarfen ne ke yanke ta. Lasifikarsa om 8 ce, om shi ne ma'aunin turjiya. Masu sana'ar sun saba cewa kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na wannan, wato om 0.4. Wayar jan ƙarfe mai lambar kauri 2.5, irin ta wayarin ɗin gida, in tsawonta mita 3 ne, zuwa da dawowa bai fi om 0.05 ba. To me ya rage da tsada za ta gyara? Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta da wajen kashi 6 cikin 100 kacal. Zinariya ma ba ta kai jan ƙarfe saurin ɗaukar wuta ba, amfaninta a bakin waya shi ne ba ta tsatsa. Wannan kam na yarda, domin iskar tekun Accra ba ta raga wa ƙarfe. Na sha kwance waya in tarar bakinta ya yi kore.

Inda ake cutar mutane daban ne. Akwai wayar da ake yi da alminiyam a shafe ta da jan ƙarfe a sama, a ido ba ka bambancewa. Yaron shagon farko ya rantse tasa tsantsa ce. Na ari reza na kankare silin guda, sai ga fari fat a ciki. Na kanga masa laita, nan take ya lanƙwashe ya zube. Alminiyam bai wuce kashi 61 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. Yaron ya yi dariya kawai. A shago na gaba muka samu ta gaske, nauyinta ma a hannu ya isa shaida.

Da la'asar Alhaji maƙwabcin Yaya ya shigo da tasa mai tsadar, wadda ɗansa ya aiko daga Jamus, kauri kamar igiyar ɗaure bijimi. Muka zaunar da su biyun suna kallon bango, 'yar Yaya tana sauya wayoyin ba tare da ta faɗa ba, ba a taɓa ƙarar ba. Canka suka yi ta yi. Sau da dama Alhaji ya yabi tamu yana cewa, "Ka ji tawa, ka ji tsabta!" Na ba su labarin James Randi na Amurka, mai tona asirin 'yan yaudara, wanda a 2007 ya sa dala miliyan 1 ga mai iya gane wayar dala 7,250 da kunne kaɗai, ƙarshe ko gwajin ba a yi ba.

Ainihin ciwon kuwa a bayan lasifikar hagu yake. Wanda ya haɗa ya juya ja da baƙi, don haka fatar lasifika ɗaya na turawa ta ɗayar na ja, bes ɗin, wato sauti mai kauri, yana kashe kansa. Na mayar, na janyo lasifikokin daga kusurwa, na ɗaga su daidai kunnen mai zaune. Yaya ya sa karatun Alƙur'ani, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ashe haka muryar take."

Falon tayil ne tsirara, sauti na dukan bango yana dawowa. Na ce canjin da ya rage a sayi kafet da labule mai kauri. Alhaji ya naɗe wayarsa yana cewa hayaniyar yara ce ta hana shi ji, zai dawo da daddare a sake.