Gidan gem: abin da kunnena ke sha daga masu buga ƙwallo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da gidan gem a unguwarmu a Kano. Talabijin biyar, PS4 huɗu, sai wata tsohuwar PS2 a lungu da na ƙi rabuwa da ita. Mai kallo daga waje gani yake aikin zama ne kawai: ka karɓi kuɗi, ka miƙa pad, ka duba agogo. Bai san da goge pad ɗin da zufa ta jiƙa ba, ko gyaran analog da ya fara jan ɗan wasa hagu ba tare da an taɓa shi ba, ko lissafin man janareto, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 shi ke fara cin ribar kafin ni.

Amma aikin da ya fi cin raina shi ne sauraron ƙorafi. Kamfanin da ya ƙera wasan yana Japan ko Amurka, ni kuwa ga ni a bakin ƙofa, don haka ni ake kawo wa ƙara.

Wanda na fi ji shi ne na wanda aka zura wa ƙwallo a minti na casa'in. Zai ajiye pad, ya juyo: "Oga, wallahi gem ɗin nan shirya shi aka yi, na'ura ce ta ba shi." Ba yaran Kano ne suka ƙirƙiro wannan magana ba. Masu buga FIFA a ko'ina sun daɗe suna zargin akwai wani ɓoyayyen tsari da ke taimakon wanda ake ci, har wasu suka maka EA, kamfanin da ke ƙera wasan, a kotu a Kalifoniya a 2020, daga baya suka janye ƙarar a 2021, kamfanin kuma ya sha musantawa. Ni dai abin da idona ya gani shi ne, yaron da ke cin biyu da nema sai ya fara hira da 'yan kallo, ya manta da masu tsaron bayansa. Ban taɓa jin wanda ya ci wasa ya ce an shirya ba.

Ƙorafin da nake ganin gaskiyarsa shi ne na sunaye. Duk wanda ya tashi da PES, wasan ƙwallon kamfanin Konami, ya san Man Red da Man Blue, ya san North London ita ce Arsenal, London FC kuma Chelsea, saboda Konami ba shi da lasisin gasar Firimiya. Ana cikin haka sai gasar Zakarun Turai ta bar PES a 2018 ta koma FIFA 19. Shekara na zagayowa Konami ya rama, ya ɗauke Juventus, sai masu FIFA 20 suka wayi gari Ronaldo na buga wa wata ƙungiya wai ita Piemonte Calcio. Giwaye biyu na faɗa, ciyawa na shan wuya. A nan sana'ata ta samu reshe: na koyi sa faci. Kowace kaka in zauna da filash da daddare, in gyara riguna da tambura, in mayar da kowane ɗan wasa sabuwar ƙungiyarsa. Idan na yi jinkirin mako guda, wani zai shigo ya tarar da Osimhen a tsohon kulob, ya ce shagona ya tsufa. Akwai wani abokin aikina da ya zauna ya haɗa Kano Pillars da hannunsa, tunda gasar Najeriya ba ta cikin FIFA. Fuskokin ba su yi kama da kowa ba, amma ranar sai da aka yi layi.

Sai Satumban 2021, lokacin da PES ya koma eFootball. Fuskokin 'yan wasa sun fito a karkace, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali, ƙungiyoyin da ake iya ɗauka ba su taka kara sun karya ba, babu Master League, sashen da mutum ke jan ƙungiya kaka bayan kaka. Wasan ya zama mafi ƙarancin maki a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a lokacin, Konami da kansa ya fito ya ba da haƙuri. Har yau yawancin talabijin ɗina PES 2021 ke kai, da facin bana a samansa.

Hayaniyar da ake yi a Turai kuwa yawanci kan Ultimate Team ce, wani sashe na FIFA inda mutum ke sayen fakitin 'yan wasa bai san wa zai fito masa ba. Beljiyam ta ce wannan caca ce a 2018, EA ya daina sayar da FIFA Points, kuɗin cikin wasan da ake sayen fakitin da su, a can farkon 2019. Wannan bai cika shafar shagona ba, domin masu zuwa wurina mutum biyu ne a kan benci, na uku yana jiran wanda aka cire. Damuwata ita ce wasannin zamani sun karkata ga intanet. Akwai wata Asabar da na kunna na'ura shago cike, wasan ya ce sai ya sauke sabuntawa tukuna. Data ta tafi, aka ɗauke wuta a tsakiya, aka koma farko. Sai da na mayar wa mutum shida kuɗinsu.

Da EA ya rabu da hukumar FIFA, wasan ya fito da sunan FC 24 a Satumban 2023, na sa aka sake rubuta allon ƙofa da sabon suna. Asarar fenti na yi, har gobe FIFA suke cewa.

PS2 ɗin lungu kuwa ta manya ce. Bayan Isha'i wasu magidanta biyu kan shigo, ɗaya tela, ɗaya direban A Daidaita Sahu, su ce a kunna musu PES 6. Kullum rigimarsu ɗaya, wa zai ɗauki Inter saboda ƙafar hagun Adriano. Na gaji da rabo, yanzu kwabo nake jefa musu.